Shawara: Na haura sittin, ina zane a ɓoye

Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon direban babbar mota ne a nan Tawa, shekaruna 63. Na yi shekara 35 a kan hanya, yawanci Tawa zuwa Agadas da Arlit, wani lokaci Yamai. Bara ƴaƴana suka taru suka ce in ajiye tuƙi saboda ciwon baya, na ajiye. Tun ina yaro nake son zane. A lakwal mushe, wato malaminmu, ya taɓa kama ni ina zana mota a bayan kaye, ya yi min dukan da har yau ban manta ba, ya kai ƙara wurin mahaifina, shi ma ya ƙara min. Tun ranar ban sake ba. Kwanakin baya jikata ta bar fensirinta a ɗakina, na ɗauka na zana butar alwala a bayan takardar magani. Daga nan kusan kullum bayan isha'i sai in rufe ƙofa in yi ta yi har dare ya raba, in na gama in yayyaga. Rannan Hajiya ta turo ƙofa ta same ni, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta kuma ba babban ɗana labari. Shi kuma ya ce, "Baba, wannan ai aikin yara ne, kada mutane su ce kun fara ruɗewa." Wani abokina na majalisa da na ɗan taɓa wa zancen ya ce haramun ne ma. Ga hannuna yana ɗan rawa, abin da nake zanawa kuma ba shi da kyau. Amma wallahi in ina yi sai in manta da bayan. Malam, in bari in kama girmana, ko akwai hanya?

Wani tsohon direba, Tawa

Wa alaikumus salam Alhaji. Sannu da hutawa, Allah ya ba da lafiyar bayan nan.

Ka tambaye ni ko ka bari ko akwai hanya, ni kuwa abin da ya tsaya min a rai cikin wasiƙarka shi ne takardun da kake yayyagawa. Mutumin da yake raba dare yana zane har ya manta da ciwo ai ya riga ya kama hanya, zancen neman izinin farawa ya wuce. Abin da ya rage shi ne ƙofar da kake rufewa da aikin da kake ɓatarwa kafin gari ya waye. Don haka roƙona na farko, daga yau kada ka sake yaga ko ɗaya, komai muninsa. Ka rubuta kwanan wata a gefe, ka sa a leda, ka rataye inda gara ba za ta kai ba.

Ban raina dukan da aka yi maka ba. Yaro ya yi abin da yake jin daɗi, manya biyun da ya fi tsoro a duniya suka haɗu a kansa rana ɗaya, dole ya ɗauka zane laifi ne. Mai yiwuwa su ba haka suka nufa ba. Uban da ya sayar da hatsi ya sai wa ɗansa kayan lakwal, in ya ga mota a shafin lissafi asara yake gani, mushe kuma jarrabawa ce a gabansa. Ka yafe musu, in sun riga mu gidan gaskiya ka yi musu addu'a. Sai dai ka lura, shekara 50 bayan haka har yanzu kana ɓoye kayenka, alhali yau kai ne maigida, kai ke sayen takardar.

Bari in ɗauki maganar abokinka kafin ta Hajiya, don ita ta fi nauyi, kuma ba na son ka ture ta gefe don kawai ba ta yi maka daɗi ba. Gaskiya ne akwai hadisai ingantattu a Buhari da Muslim masu tsoratarwa kan suranta abu mai rai. A cikinsu ne kuma aka ruwaito cewa wani mutum ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce da yin hotuna yake ci. Ya karanta masa gargaɗin, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Ka ga cewa "haramun ne" haka a dunƙule ya yi faɗi. Buta, mota, rijiya, rumbu, masallaci, dutse, gawo, duk wannan fili ne a buɗe. A kan mutum da dabba aka yi saɓani. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a kai, sun bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda, wanda suka sassauta a kansa ko da yake sun fi son a bari. Wasu malaman kuma sun hana duka biyun. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka sami malamin da ka yarda da iliminsa, ku biyu, ba a tsakiyar majalisa inda kowa zai sa baki ba, ka tambaye shi. Ko da ka ɗauki ra'ayi mafi tsanani, abin zanawar da ya rage maka ba za ka ƙare shi ba. Zayyanar allon da ake yi wa yaro ranar sauka ma ai malamai ne ke zana ta da hannunsu.

Dariyar Hajiya ta yi maka ciwo, na gane. Amma ka ɗan duba ta nata gefen. Mijinta da ya ƙare rayuwarsa a kan hanya ya dawo ya zauna, sai ga shi ya tsiri rufe ƙofa kullum bayan isha'i, fitila a kunne har tsakar dare, ba ya ce wa kowa komai. Me kake jin ta yi ta saƙawa a ranta? Mata da yawa za su ce waya ce, hira ake da wata, amarya na tafe. Ta turo ƙofa gabanta na faɗuwa, sai ta tarar da Alhaji guda da buta da fensirin jika. Ko ni ne sai na dara. Ina kyautata zaton rabin dariyar nan ajiyar zuciya ce. Inda ta kuskure shi ne kai labarin gaban ɗa, wannan kam ka faɗa mata cikin ruwan sanyi. Ka ba ta labarin mushe da mahaifinka, sannan ka ce ta zaɓi abu ɗaya a ɗakinta ka zana mata, ko kwanon da take ji da shi, ko turminta. In ta ce marfin ya karkace, ka bar ta ta nuna maka inda ya karkace.

Shi kuwa babban ɗanka, tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Su suka sa ka ajiye tuƙi, kuma duk ɗan da ubansa ya bar aiki yana sa ido ko wani abu zai canza a hankalinsa. Ga bakin mutane, wanda a garuruwanmu ɗa ke fara jinsa kafin uba. Kada ka yi fushi da shi, kada kuma ka nemi izininsa. In ka tara na wata guda ka kira shi, ka shimfiɗa masa, ka ce, "Kun ce in huta, ga abin da nake hutawa da shi." In ya ga lissafinka daidai, sallarka a kan lokaci, barcinka ya dawo, tsoron zai kwanta. In bai kwanta ba, sai ya yi haƙuri da kai kamar yadda ka yi da shi lokacin da yake nasa shirmen.

Yanzu ga maganar "ba shi da kyau". Alhaji, yara nawa ka koya wa mota? Ka tuna yadda kai ma ka fara, karen mota, wanke gilashi, ɗaure tamfol, sa dutse a bayan taya, kwana a ƙarƙashin bodi, kafin wata rana maigida ya bar maka sitiyari a fili inda babu kowa. Giyar farko da ka sa ai ta yi ƙara, motar ta yi tsalle ta mutu. Babu wanda ya ce ba ka da baiwar tuƙi, cewa aka yi sake. Daga baya ka kai inda za ka yi ribas da cikakken lodi cikin tasha maƙil da mutane, kana auna tazara da ido ba ka kuskure. Idon nan mai auna tazara shi ne rabin zane, kuma yana nan bai tafi ba. Abin da ke ba ka wuya, a ganina, shi ne komawa karen mota da furfura bayan ka daɗe kai ne maigida. Wannan da ciwo, ba zan ce babu ba. Kowa zai karanto maka gemu ba ya hana ilimi, amma masu faɗin ba su cika son jikokinsu su gan su suna kuskure ba.

Ka fara da sauya lokaci. Zanen dare yana gajiyar da ido, yana cinye barci, yana kuma ƙara wa abin kamannin laifi. Bayan ka karya, kafin rana ta yi zafi, ka fito tsakar gida da kujera mai jingina saboda bayanka, ka yi minti 30, in za ka zarce ka tashi ka miƙe tukuna. Kayan ba su da yawa: farar takarda marar layi irin ta fotokofi, allo ko katakon da za ka ɗora ta, fensir biyu da rezar fiƙewa. In ka je shagon kayan lakwal ka duba jikin fensir, akwai harufa. HB shi ne na ƴan makaranta, matsakaici ne. Masu B, kamar 2B da 4B, sun fi taushi da baƙi, da su ake sa inuwa. In ba a samu ba, bik ma yana zane, gawayin murhun shayi ma yana kama kwali. Kada ka sayi fenti da burushi yanzu. Mutum kan kashe kuɗi a kan kaya masu tsada, sai tsoron ɓata su ya hana shi taɓawa.

Abin da ke karkatar da zanen mai koyo yawanci shi ne yana zana abin da ya sani, ya bar abin da ke gaban idonsa. Ɗauki ɗan kofin shayi ka ajiye a kan tire. Ka san bakinsa zagayayye ne, hannu zai so ya ja da'ira. Amma duba da kyau daga inda kake zaune: bakin ya matse, ya yi faɗi ta gefe da gefe, ya tsuke ta gaba da baya. Ɗaga kofin a hankali har ya zo daidai idonka, za ka ga bakin ya koma layi ɗaya miƙaƙƙe. Mayar da shi kan tire ka dubi gindinsa, shi ma lanƙwasa yake, ba a miƙe ba kamar yadda masu koyo ke yi. Ka yi mako guda a kan kofin nan kaɗai, ba wasa nake ba. Sannan ka koma wa butarka. Miƙa hannunka gaba ɗaya riƙe da fensir a tsaye, rufe ido ɗaya, sa kan fensirin daidai saman butar, babban yatsanka daidai gindinta, ka sami tsawonta ke nan. Juya fensirin a kwance ka ga faɗinta ya kai haka ko bai kai ba. In mariƙin ya ƙi fitowa, bar shi, dubi ramin da ke tsakaninsa da jikin butar ka zana siffar ramin, mariƙin zai fito da kansa. Idonka ya fi daɗewa a kan butar fiye da kan takardar. Ka fara da layi marar nauyi, in ya kauce ka ja wani kusa da shi ba tare da ka goge na farkon ba. A ƙarshe ka duba ta inda rana ke bugun butar, ka duhunta ɗaya gefen, ka sa inuwar da ta faɗi a ƙasa, nan take za ta zauna a kan takardar ta daina shawagi. Duk ƙarshen wata ka sake zana butar nan, ka jera da na watannin baya. Daga jiya zuwa yau mai koyo ba ya ganin ci gabansa, sai ya ajiye na Janairu kusa da na Afrilu.

Rawar hannu ba ta hana zane. Ka riƙa yin babba, ka riƙe fensirin daga tsakiya, motsin ya fito daga gwiwar hannu, ka jingina ƙaramin yatsa a kan takarda. Shayi mai ƙarfi yana ƙara ta, ka bar shi sai ka gama. Amma in rawar sabuwa ce, ko tana ƙaruwa, ko hannun yana rawa ko yana ajiye a kan cinya, ka nuna wa likita. A duba maka ido ma, don bayan shekara 40 yawancin mutane sai da tabarau suke ganin na kusa sosai.

Ga kuma abin da kake da shi, wanda saurayin da ya iya zana fuska sak ba shi da shi. Shekara 35 kana kallon ƙasar nan daga saman kujerar babbar mota. Ka san tafkin Tabalak da damina, ka san yadda yake ja da baya da rani. Ka san rijiyoyin wajen Abalak, da hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 da itatuwan da suka tsattsago a jikinta, da dutsen Dogon Dutsi in za ka Yamai. Ka san tsofaffin manyan motocin nan ƙirar Berliet, inda ake rataye salka da jarka, yadda lodi ke kumburo wa bodi ta gefe. Da yawa cikin waɗannan babu wanda ya ɗauki hotonsu a yadda ka gan su, jikokinka ba za su gani ba sai ta hannunka. A Amurka an yi wani dattijo baƙar fata mai suna Bill Traylor, an haife shi cikin bauta a jihar Alabama, ƙarfinsa duk a gona ya ƙare. Sai a 1939, yana da kimanin shekara 85, ya fara zane a bakin titi a birnin Montgomery, da fensir a kan yagaggun kwalaye, yana zana abin da ya gani a rayuwarsa. Ya bar zane sama da 1,000, kuma a 2018 gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya baje aikinsa. Ban kawo shi don in yi maka alkawarin suna ko kuɗi ba, shi kansa a talauce ya rasu a 1949. Na kawo shi ne don ranar da ya fara ya girme ka da sama da shekara 20.

A garinku ma akwai abin nuna wa ɗanka. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, bakanike ne tun farko, da kansa ya koyi zane, ya zama cikin na farkon da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma, har da wanda ya yi a 1966 na kwaɗi da shugabansu. Shi kam da ƙuruciya ya fara, amma hannu ne da ya saba da baƙin mai irin naka, kuma babu wanda ya ce da shi aikin yara.

In kana son malami ba sai ka je nesa ba. Masu rubutun mota da allunan shaguna ka san su sun san ka, wataƙila ma akwai wanda ya taɓa rubuta maka "Haƙuri maganin duniya" a goshin mota. Je ka zauna wurin wanda kuka saba, ka ga yadda yake raba fili da alli kafin ya taɓa fenti. In ka je Yamai, ka shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda yake nan tun 1959, akwai rumfunan masu sana'ar hannu suna aiki a gaban jama'a, babu mai kallon mai takarda da fensir a matsayin baƙon abu. A waya kuma YouTube cike yake da darasin zane, ko ba ka jin yaren, hannun kake kallo. Jikar nan ka mayar mata da fensirinta, ka ƙara mata sabo, ku riƙa zama tare ran da babu lakwal. Hakan zai sauƙaƙa maka fitowa tsakar gida, amma kada ka fake da ita ka riƙa cewa koya mata kake yi. In aka tambaya ka ce nawa nake yi. In hannu ya ɗan faɗa kuma hanya da lafiya, ka ce wa babban ɗanka ya kai ka garin Yama da ke jihar Tawa ka zana masallacin nan na laka da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, wanda ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Bar shi ya tuƙa, ya riƙe maka lema yana kallo.

Majalisa kuwa ba dole ka yi shela ba. In ka ga ya fi maka abin ya tsaya a cikin gida, mutanen gidan sun sani, ƙofa a buɗe, wannan ma ya isa. In kuma ka tashi fitarwa, kada ka fara da buta. Ka zana motar da ka fara tuƙawa, ka tafi da ita ran da tsofaffin direbobi suka hallara, ka ce ka manta ta wane gefe tankin yake. Za su yi ta musu har la'asar, wani ya ce dama, wani ya rantse hagu, wani ya tuno ranar da irinta ta kafe da shi cikin rairayi kwana biyu. Ka sa fensir a aljihu, duk abin da suka tuna ka ƙara a nan take. Abokin naka kuma ka gaya masa abin da malam ya ce, ka gode masa da ya tunatar da kai ka tambaya.

A gaida Hajiya da yaran.